Zanen Da Muka Cire Daga Bango



A wannan makon babu filin barkwanci, babu kacici-kacici, babu sakamakon ƙwallo. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida ta wannan makaranta mun zauna, mun yi shawara, mun yarda mu ba da bangon gaba ɗaya ga labari guda. Labarin namu ne, kuma bai nuna mu da kyau ba. Idan an kaɗa ƙararrawa ba ku gama karantawa ba, ku dawo bayan an tashi. Takardar tana nan har Juma'a.

Shekara biyu ke nan, lokacin muna aji huɗu, akwai wani ɗan aji biyar a ƙungiyarmu. Ba za mu faɗi sunansa ba. Waɗanda suka daɗe a nan za su tuna rubutun hannunsa, domin shi yake rubuta mana kanun labarai da maka a kan kwali, manyan baƙaƙe a tsaye kamar da inji aka buga. Ya iya lissafi, ba ya wuce na uku a aji, ga shi da ban dariya. Shi ya koya mana mu ja layi da fensir kafin mu ɗora tawada.

A zango na biyu sai ya fara canzawa. Ya daina zuwa taron ƙungiya na ranar Laraba. Idan an fita tara, kowa ya nufi wajen masu awara da ɗanwake, shi kuwa sai ya kifa kai a benci. Sau uku a mako ɗaya malamin lissafi ya tashe shi tsaye saboda gyangyaɗi. Rigarsa da a da take shan guga ta koma a yamutse. In ka yi masa magana sai ya dube ka kamar daga nesa kake kiransa, ya ce, "Ba komai."

Mu kuma me muka yi? Muka zana shi. A nan, daidai inda wannan takarda take, muka liƙa zanen wani ɗalibi ya baje a kan benci, miyau na zuba, an naɗa masa rawani, a ƙasa an rubuta "Sarkin Barci". Ba mu sa suna ba, amma mun zana agogon hannunsa mai jan maɗauri, wanda duk makaranta ta sani. Ranar an yi cunkoso a gaban bangon nan irin wanda ba mu taɓa gani ba. Muka ji daɗi, muka ce mujallarmu ta karɓu. Sunan kuwa ya bi shi. In zai wuce, har 'yan aji ɗaya sai su rusuna su ce, "Ranka ya daɗe." Wani ya ƙara da biro a gefen zanen: "Sai Dawanau."

Bayan mako biyu ya daina zuwa makaranta.

Ran Litinin aka aiko cewa malamar ba da shawara tana neman mu. Kun san ofishinta, ƙaramin ɗakin nan da ke bayan laburare. A lokacin mun ɗauka mutum biyu ne kawai suke shigarsa: wanda aka kama da waya, da wanda ya rasa zaɓi tsakanin ajin kimiyya da na fasaha. Muka shiga, muka tarar da zanenmu a kan tebur. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Yarana, kun ga yana barci da rana. A cikinku wa ya tambaye shi abin da yake hana shi barci da dare?"

Muka yi tsit. Ɗaya daga cikinmu ya yi ƙarfin hali ya ce, "Malama, me ya same shi?" Ta ce, "Abin da ya gaya min amana ce, ba zai fita daga bakina ba. Amma ai kun san hanyar gidansu."

Ran Asabar mu huɗu muka haɗa kuɗin adaidaita sahu muka je. Ya daɗe kafin ya fito. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Muka zauna a dakalin ƙofar gida, muka ba shi haƙuri, kowa na in'ina. Ya yi shiru har muka zaci korar mu zai yi. Can ya ce, "Zanen ya yi kyau. Rubutun ƙasan ne ya karkace, ba ku ja layi ba." Muka yi dariyar da ta fi kama da kuka. Ranar bai gaya mana komai ba. Sai bayan watanni, da kansa, kaɗan-kaɗan, ya ba mu labarin da za ku karanta. Ya duba wannan rubutu kafin mu liƙa, ya nuna wa iyayensa, ya goge abin da ya ga bai kamata ba, ya ce a bar sauran ko zai amfani wani.

A shekarar, jarin mahaifinsa ya karye. Kuɗin cefane ya ragu, rigima ta shigo gida. Iyayensa sukan jira sai dare ya yi, sun zaci yara sun yi barci, sannan a fara. Shi ne babba. Yakan kwanta ido biyu yana jin komai, yana toshe wa ƙaninsa kunne da filo. Sau biyu Ummansa tana yin yaji. A duk faɗan yakan ji an ambaci kuɗin makaranta, har zuciyarsa ta yanke masa hukunci cewa shi ne sila. Daga baya ko daren da aka kwana lafiya, barci ba ya zuwa. Abinci ya daina yi masa daɗi. Ƙwallon da yake so ta fita daga ransa. Ya ce yakan karanta layi ɗaya sau biyar bai san me ya karanta ba. Sannan ya faɗi maganar da har yau in mun tuna sai jikinmu ya yi sanyi: ya fara tunanin da babu shi a duniya, da gidan ya samu sauƙi. A cikin wannan hali ya zo makaranta ya tarar da kansa a bango da rawani.

Kada ku ɗauka ba a damu da shi a gida ba. Kowa ya yi iya saninsa. Kawunsa ya ce, "Kai namiji ne, ka daure." Wata maƙwabciya ta ce iska ce. Kakarsa ta kawo rubutu da turare. Mai kemis ya ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini. Duk don ƙauna suka yi. Sai dai babu wanda ya zaunar da shi ya ce ya faɗi abin da ke ransa, shi ma kuma kunya ba za ta bar shi ya tona sirrin gidansu ba. An raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malama ce ta je gidan da kanta. Ta yi magana da Ummansa, ta rubuta takarda zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na wani asibitin koyarwa. Da farko mahaifin ya ƙi. Ya ce, "Malama, ɗana ba mahaukaci ba ne." Ta ce, "Alhaji, ban ce haka ba. Ciwon damuwa ne nake zargi, kuma yana da magani. Da ƙafarsa ce ta kumbura, ai da tuni kun kai shi." Bayan kwana uku ya yarda.

Mu da muka girma muna tsokanar juna da sunan asibiti, mun zaci za mu ji labarin sarƙa da allura. Ga abin da ya gaya mana. Likita ya fara duba jikinsa, aka ɗebi jini, domin akwai cututtukan jiki da kan zo da kasala da rashin barci. Daga nan aka tura shi wajen wata masaniyar halayyar ɗan Adam. Ɗaki ne mai kujera biyu da tebur da fanka. Sau ɗaya a mako, kusan awa guda. Aikin da ake yi a ciki shi ake kira jinya ta hanyar tattaunawa.

A zama na farko ta shimfiɗa masa ƙa'ida: abin da ya faɗa ba zai fita ba, sai fa idan ransa ko ran wani yana cikin haɗari, kuma ko a nan za ta fara sanar da shi kafin ta gaya wa kowa. Ranar da ƙyar ya haɗa jimla goma. Ba ta matsa masa ba. Amma ta tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin mutuwa. Ya ce ya zaci tambayar za ta tsorata shi, sai ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka, domin a karon farko wani ya ji abin bai zare ido ba, bai kuma yi masa faɗa ba. Suka rubuta sunayen mutum uku da zai nema duk daren da tunanin ya yi ƙarfi.

Mun tambaye shi, "To, hira kawai? Ai mu ma muna hira." Sai ya ɗauko wani littafin rubutu ya nuna mana. An raba kowane shafi gida huɗu. Gida na farko: me ya faru? Na biyu: wane tunani ya zo maka? Na uku: me ka ji a ranka? Na huɗu: mece ce hujja? Ya bar mu mu karanta shafi ɗaya. Abin da ya faru: Baba ya shigo, na gaishe shi, bai amsa ba. Tunani: ya gaji da ni, ni ne nauyinsa. Abin da na ji: ƙunci, na kasa cin abinci. Hujja: bai amsa gaisuwar kowa ba, har ta Umma, shekaranjiya ya tambaye ni yaushe za mu fara jarrabawa. A ƙasa ya rubuta: wataƙila shi ma damuwa ce ta yi masa yawa.

Ban da littafin, takan ba shi ƙananan ayyuka: tattaki bayan la'asar ko da ba ya so, ajiye waya kafin kwanciya, rubuta kanun labari ɗaya da maka kowace rana ko da babu wanda zai gani. Dalilin shi ne, damuwa takan sa mutum ya janye daga abin da yake faranta masa rai, janyewar kuma ta ƙara damuwar. Ana tsinka wannan igiya ne ta wajen aiki, ba a jira sai sha'awa ta dawo da kanta.

Da muka bincika, mun gano wannan hanya ta bin diddigin tunani wani likita ɗan Amurka mai suna Aaron Beck ne ya tsara ta a shekarun 1960, kuma tana cikin hanyoyin da aka fi gwadawa a duniya. Ga masu cewa abin na Turawa ne, malamin tarihinmu ya tuna mana da Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934. A littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtuka masu magani, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake saukowa ba dalili, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar buƙata. Abokinmu bai daina addu'a ba don yana zuwa asibiti, kakarsa ma ba ta daina yi masa ba.

Sauƙin bai zo a dare ɗaya ba. Akwai makon da ya koma baya, ya ƙi zuwa, sai da Ummansa ta raka shi. Ya yi kusan wata uku yana zuwa. Shi bai buƙaci ƙwaya ba, amma an gaya masa wasu sukan buƙata tare da tattaunawar, kuma likita ne kaɗai yake yanke wannan.

A tsakiyar jinyar, masaniyar ta nemi ganin iyayensa su biyu. Abin da aka faɗa a ɗakin bai sani ba, bai kuma tambaya ba. Mu ne muka koma wajen Malama muka ce, "Malama, manya ma ana yi musu irin wannan? Ba aikin waliyyai da dattawan unguwa ba ne?" Ta ce sulhun dattawa ya ceci gidaje masu yawa, kuma ba a raina shi. Sai dai sau da yawa ana tashi ne a kan "ku yi haƙuri da juna", abin da ya kawo faɗan kuma yana nan kwance. Mai jinyar ma'aurata ba alƙali ba ne, ba ya neman mai laifi. Yakan sa ɗaya ya yi magana ba a katse shi ba, ɗayan ya maimaita abin da ya ji kafin ya ba da amsa. Yakan koya musu su faɗi abin da suke ji a ransu maimakon jifa da zargi. Ta ba mu misali: miji ya shiga matsin kuɗi, kunya ta sa ya yi shiru, mata ta ɗauki shirun a matsayin raini, ta ɗaga murya, shi kuma ya ƙara daɗewa a majalisa, ita kuma ta ƙara fusata. Kowannensu yana ganin ɗayan ne ya fara. Aikin shi ne su gane wannan zagaye, su haɗa kai su fita daga cikinsa. Ta ƙara da cewa inda ake duka, tsira da lafiya ake fara nema kafin kowace tattaunawa, kuma ba kowane aure ne zama yake gyarawa ba. Ko da rabuwa aka yi, ana iya yin ta ba tare da an yi wa yara rauni ba.

Abin da abokinmu ya gani da idonsa shi ne, faɗan dare ya ragu. Arziki bai dawo nan take ba, amma an daina maganar kuɗi inda yara za su ji. Wata rana bayan magariba mahaifinsa ya kira shi soro, ya ce, "Saɓaninmu da mahaifiyarka ba laifinka ba ne. Karatunka kuma ba nauyi ba ne a kaina." Ya ce daren nan ya yi barci har sai da aka tashe shi sallar asuba.

Me ya sa muka ga ya dace duk makaranta ta ji wannan? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a duniya, 1 cikin kowane matasa 7 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ku auna wannan da aji mai mutum 70. Ku dubi na kusa da ku a layi.

Kuma neman irin wannan magani ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu da nahiyarmu. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, maimakon a kulle su. Daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. A Zimbabwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraren masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. A Najeriya, a watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin marasa lafiya. Akwai asibitocin ƙwararru a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ɗin da muke tsokana da sunanta. Waɗanda suke kwance a can 'ya'yan wasu ne, iyayen wasu ne, kuma marasa lafiya ne kamar na kowane asibiti. Ƙwararrun sun yi kaɗan in aka kwatanta da yawanmu, shi ya sa ƙaramin ofishin nan na bayan laburare yake da muhimmanci. Daga nan hanya take farawa.

Mu ba likitoci ba ne, kuma mun koyi iyakarmu. Ga abin da Malama ta ce ɗalibi zai iya. Idan ka ga abokinka ya shafe mako biyu ko fiye cikin ƙunci, ya daina sha'awar abin da yake so, barcinsa ko cinsa ya canza, karatu ya daina shiga, ka same shi shi kaɗai ka tambaye shi. In ya ce ba komai, ka sake tambaya gobe. In ya fara magana, ka saurara. Kada ka yi saurin cewa "wasu sun fi ka matsala". Kada ka kai zancen aji ko WhatsApp. Ka ce masa, "Zo in raka ka wajen Malama." Idan kuwa ya ambaci mutuwa ko cutar da kansa, wannan ba sirrin da ake riƙewa ba ne, ko da ya sa ka rantse. Ka gaya wa babba a ranar. Gara ya yi fushi da kai yana raye.

Idan kuma kai ne, ko ke ce, mai kwana ido biyu, mai cewa "ba komai", wannan rubutu dominka aka yi, dominki aka yi. Ba rashin imani ba ne, ba ragwanci ba ne. Ofishin yana buɗe lokacin tara da bayan an tashi, kuma ba sai ka san ta inda za ka fara ba. Abokinmu ma da jimla goma ya fara.

A namu ɓangaren, ƙungiya ta yanke shawara uku. Ba za mu ƙara zana ko rubuta barkwancin da za a gane wani ɗalibi a cikinsa ba. Mun ajiye akwati a ƙofar ofishin Malama ga wanda bakinsa ya yi nauyi. Mabuɗin yana hannunta ita kaɗai, mu ba ma buɗewa. Sannan duk ranar 10 ga Oktoba, Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya, za mu ba da bangon nan ga wannan batu.

Abokinmu ya dawo a zango na uku. Bai ɗauki na uku ba a shekarar, amma ya wuce, ya rubuta WAEC, ya gama bara. Ya ce har yanzu akwai ranakun da suke yi masa nauyi, sai dai yanzu ya san sunan abin, ya san inda zai je. Ya yafe mana tun a dakali. Zanen yana nan a cikin fayil ɗin ƙungiya, mun ƙi yaga shi, domin duk sabon ɗan ƙungiya ya gani ranar da ya shigo.

Da muka kai masa wannan rubutu ya duba, sai ya ce a ba shi kwali da maka. Ku ɗaga kai ku dubi kanun da ke sama. In kun lura layin bai karkace ba, to, kun san hannun da ya ja shi.

Mu ne naku,
'Yan Ƙungiyar 'Yan Jarida